Kafin Ka Ɗauki Sungumi

Jatau, na ji ka rufe shagon walda a Kakuri,
ka dawo Unguwar Bawa da buhun iri a bayan babur
da tafin hannun da ya manta ƙota.
To, zauna. Ƙafa ta hana ni gona bana,
amma bakina lafiyarsa ƙalau.

Ruwan farko maƙaryaci ne.
Ya yaudare ni shekarar da aka haifi Asabe:
na ji ƙamshin ƙasa, haƙuri ya ƙwace mini,
na zuba tiya shida kafin azahar.
Sama ta ɗauke kwana goma sha tara.
Tsiro ya leƙo, ya ga rana, ya fasa zuwa.
Bari a yi uku masu nauyi tukuna,
ka tura hannu cikin kunya;
in danshi ya kai wuyan hannu, ɗauki sungumi.

Irin kamfanin nan mai aure, ɗansa ba ya gadon uba.
Kada ka ɗebi na rumbu ka ce ka yi dabara.

Kamu ɗaya da rabi tsakanin kunya da kunya,
taƙi ɗaya tsakanin rami da rami,
ƙwaya ɗaya, zurfin gaɓa biyu na yatsa.
Zuciyarka za ta ce ƙara, ai wuri na nan.
Ce mata gona ba motar Kawo ba ce,
da ake cusa huɗu a kujerar uku.

Kwana goma, ganye huɗu, sai kamfa:
murfin kwalbar lemo, shafe, ba tozo,
ka tona gefe, nisan yatsu huɗu, ka binne.
Mai watsa taki a fili
ya yi wa rana sadaka, ya ba rafi zakka.
In ta kai maka gwiwa, yuriya,
ita ma binne ta, kuma sai ƙasa da laima.
Ganyen ƙasa in ya soma rawaya daga baki
yana bin jijiya zuwa gindi,
ba ciwo ba ne, yunwa ce take faɗa maka.

Firi kada ya wuce sati uku.
Ciyawa baƙuwa ce mai cin tuwon yara
tun uwarsu ba ta juyo ba.

Tsutsar nan kuwa, ba ta sallama.
Fita da sassafe, raɓa na jiƙa maka wando,
buɗe zuciyar karan ka leƙa.
In ka ga huji a jere, da gari kamar dusar katako,
tana ciki, ta ƙoshi, tana barci.
Fesa da yamma, cikin maƙogwaron, ba bisa ganye ba,
ka rufe hancinka, ka wanke hannu kafin tuwo.

Kusurwar da ke wajen ɗorawa, akwai wuta-wuta.
Furenta kyakkyawa ne, kada ya burge ka.
Tuge ta tun ba ta zubar da 'ya'ya ba, ka ƙona,
baɗi ka sa waken suya a wurin.
Ubanka ya ƙi jin wannan shekara bakwai,
Allah ya jiƙansa, kai ka ji.

In ta yi goyo, ta fitar da gemu,
ba sauran abin da ke hannunka sai roƙon ruwa.
Nan ne nake rasa barci, har bana da ba ni da gona.

Kada ka karya sai ɓawo ya bushe, kai ya sunkuya.
Shanya bisa tamfal, ba ƙasa ba.
Ciza ƙwaya: in ta ce ƙas, ɗure a buhu mai leda,
ɗora kan katako, nesa da bango.
Dillalan Saminaka za su zo da murmushi da kaka;
gaishe su, ba su ruwa, ka sayar da na biyan bashi kawai.

Ɗanyar farko kuwa, tawa ce.
Kawo mini biyu, Asabe za ta gasa.
Haƙora biyar suka rage mini,
amma za su gaya mini ko ka ji magana.